Kafin Ka Fasa Kafso a Ruwan Kaji: Gane Cutar Bakteriya da Ba da Magani Daidai

A Aboabo da Asawase da Sawaba da Zangon Tafo, unguwannin birnin Kumasi na ƙasar Gana, da wuya ka ratsa layi ba ka ji carar zakara a bayan wani gida ba. Wani kajin gida goma ne yake watsa wa tsaba, wani kuma ya kafa akurki ya zuba 'yan tsaki 200 yana harin kasuwar Sallah ko ta Kirsimeti. Ranar da kaza ta yi laƙwas ta saki fukafukai, dabararsu ɗaya ce: a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da yalo, a fasa a ruwan sha. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuwa kuɗin magani ya tafi, kajin ma su bi shi, domin ba kowace cuta ke jin wannan magani ba, wadda ke jin sa ma sai an ba ta shi bisa awo.

Tukuna, bakteriya ce kuwa?

Kafson nan antibayotik ne, shi kuwa antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa. Niyukasil da Gumboro da murar tsuntsaye duk bairos ne, wata ƙwayar cuta dabam da bakteriya, ko buhun kafso ka juye musu ba za su ji ba. Niyukasil tana zuwa da koren zawo da sarƙewar numfashi, daga baya wuyan wasu ya murɗe suna kallon sama. Gumboro ta fi kama masu mako 3 zuwa 6: farin zawo mai ruwa, gashi a tashe, mutuwa ta yi sama cikin kwana uku ko huɗu sannan ta sauka da kanta, shi ya sa mutane ke yaba wa duk maganin da suka bayar a ƙarshe. Kashin jini kuma yawanci koksidiyosis ne, wata ƙwaya ce daban mai cin bangon hanji, maganinta amfuroliyam ko toltirazuril.

Murar tsuntsaye ta ɓulla a Gana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021. In kaji suka zube da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi baƙi-baƙi, kai ya kumbura, jini ya kwanta ƙarƙashin fatar ƙafa, kada ka feɗe ko ɗaya, kada ka kai sauran kasuwa. Rufe akurkin ka kira ofishin likitan dabbobi na gunduma. Kwalarar kaji, wadda bakteriya ce, takan zo da kama irin wannan, ido ba ya raba su sai ɗakin gwaji.

Shekarun kaza su ne rabin amsar

A makon farko, mutuwar da ta wuce ɗan tsako 1 cikin 100 tana neman bincike. Juya wanda ya mutu ka dubi cibiya. In ba ta rufe ba, tana da jiƙa ko ɓawon baƙi, ciki ya kumbura ya yi taushi, to ciwon cibiya ne, galibi aikin ƙwayar ikolai. Ka tsaga cikin, za ka tarar da ragowar kwanduwa ta tsinke ta koma ruwan ƙasa ko kore, ga wari. Daga ƙazamin ƙwai ko ƙazamin injin ƙyanƙyasa take tasowa, sanyin ƙasa kuma ya ƙarasa ta. Wanda ya riga ya kamu magani ba ya tashinsa, a ware shi. Gyaran a wajen saye yake: buɗe kwalin tun a gaban mai sayarwa, ka ɗauki goma ka duba cibiyarsu, ta zama busasshiya a rufe. A gida kuma a kunna kurfoti, wato murhun gawayi, tun kwana ɗaya kafin su iso, ƙasan ya ɗumama zuwa digiri 32 ko 34 daidai tsayin ɗan tsako, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Kada a naɗe ɗakin da leda ruf, a bar kafa ta sama, hayaƙin gawayi yana kashewa.

Farin kashi mai manne wa dubura kamar alli, a 'yan tsakin da ba su kai mako 3 ba, suna cure wuri guda suna kuka, alamar salmonela ce ta ƙyanƙyasa. Daga uwa take shiga ƙwai. Wanda ya tsira yana ɗauke da ita har girmansa, don haka ba a ajiye irin waɗannan don iri. Sai dai zafi da ƙishirwa ma suna sa kashi ya manne, a fara duba ma'aunin zafi kafin a ɗora wa salmonela laifi.

Daga mako 2 zuwa 5, kajin nama suna gamuwa da ruɓewar hanji, aikin kulostiridiyam. Ƙwayar tana zaune a hanjin lafiyayyar kaza, ba ta tashi sai koksidiyosis ya fara ɗaye bangon hanjin, ko an cika garin kifi a abinci, ko an sauya abinci kwatsam. Hanjin yakan kumbura da iska, ya yi saurin yagewa, cikinsa ya yi kaushi kamar tsohon tawul mai ruwan ƙasa, da wari. Tana jin amoksisilin, amma in ba a bi koksidiyosis ɗin ba, za ta dawo.

Murar kaji mai daɗewa ita ce ta fi cin kuɗin masu kiwo. Maikoplazma ce ke fara ta: atishawa, ƙarar maƙogwaro da za ka fi ji da dare in ka tsaya shiru a bakin akurki, kumfa a gefen ido. Ita kaɗai ba ta cika kisa ba, sai ikolai ta biyo baya. A nan ne in ka feɗe za ka ga farin yaɗi ko rawaya ya lulluɓe zuciya da hanta kamar an shafa wara, jakunkunan iska da ya kamata su zama garau kamar leda sun yi duhu da dasƙararriyar mugunya. Maikoplazma ba ta da bangon jiki irin na sauran bakteriya, su kuwa fenisilin da amoksisilin bangon suke rusawa, saboda haka ba sa taɓa ta. Tailosin, tiyamulin ko doksisaikilin ake ba ta, su ma danne ta suke yi, ba sa fitar da ita daga garke.

Koriza ba ta ɓuya. Fuska ta kumbura, ido ya rufe, majina mai ɗoyi tana manne wa hanci har dusa ta liƙe, ta bazu cikin kwana 1 zuwa 3, ƙwai ya ragu da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari. Kusan kullum baƙuwar kaza ce ke kawo ta, irin zakaran da aka sayo a kasuwa aka sake shi cikin garke ranar nan. Duk sabon tsuntsu a tsare shi nesa har kwana 21.

Manyan kaji kuwa, taifod ɗinsu da kwalararsu ne abin tsoro. A taifod zanko yana koɗewa, zawo rawaya-kore, hanta ta kumbura ta yi launin tagulla, saifa ta ninka girmanta. A kwalara sai ka wayi gari ka tarar da ƙosassun kaji a mace, hanta da ɗige-ɗigen fari kamar an barbaɗa gero, kitsen zuciya da ɗigon jini. In ta daɗe, fatar da ke reto ƙarƙashin baki ta kumbura ta yi tauri. Talo-talo da agwagi sun fi kaji saurin faɗuwa. Ɓera da kyanwa da kare da alade duk suna ɗauke da ƙwayarta, fasturela, a baki ba tare da ta dame su ba.

Akwai kuma wadda wuya ke saki, kai ya kwanta a ƙasa, ƙafa da fukafuki su mutu, an fi gani a agwagi da kajin da ke yawo bakin kwata. Dafin bakteriya ne daga mushe da tsutsar da ta ci mushe. Antibayotik ba ya karya dafi. A zagaya a nemo mushen a binne, a ba marasa lafiya inuwa da ruwa mai tsabta.

Feɗewa da kai samfuri

In ba a zargin murar tsuntsaye, feɗe biyu ko uku da kanka yana da amfani. Sa safar hannu, jiƙa gashin da ruwan sabulu don kada ƙura ta tashi, kwantar da ita rigingine, ɓalle cinyoyi gefe, yanka fata a ƙasan ƙashin ƙirji ka ɗaga shi sama. Dubi jakunkunan iska tun kafin ka taɓa komai, domin su ne ke fara yagewa, sai zuciya, hanta, saifa, a ƙarshe ka tsaga hanji daga ƙundu zuwa ƙasa. Ɗauki hoto da waya a hasken rana, likita zai ji daɗinsa. In ka gama, ƙona gawar ko ka binne ta a rami mai zurfin mita 1. Kada a jefa wa kare, kada a wurga a kwata.

Ɗakin gwajin dabbobi na gwamnati a Kumasi yana Amakom, na Akra yana La, jami'ar KNUST da ke Kumasi ma tana da makarantar likitancin dabbobi. A kai kaji 3 zuwa 5, wasu da ransu masu alamar ciwon, wasu da ba su daɗe da mutuwa ba, kuma waɗanda ba a riga an ɗura wa magani ba, don magani yana hana ƙwayar tsirowa a gwaji. A sa gawar a leda cikin kula da ƙanƙara, amma kada a daskarar da ita a firiza. A roƙi a shuka ƙwayar a gwada wane magani ke kashe ta, yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Masu kiwo suna ganin ɓata lokaci ne, alhali ikolai ta wuraren da aka daɗe ana zuba tetirasaikilin sau da yawa ta daina jin sa, sai mutum ya sayi kala uku a jere bai dace ba.

Lissafin magani

A nan aka fi yin kuskure. Nauyin kaza ake ba magani, ruwa abin hawa ne kawai. Ɗauki kaji goma daga kusurwoyi daban-daban ka auna a sikeli ka fitar da matsakaici. A ce kajin nama 200 ne, kowace kilo 1.2, jimla kilo 240. In takardar maganin ko likita ya ce miligiram 20 ga kowane kilo a rana, kana bukatar miligiram 4,800 na ainihin maganin. Sai ka duba ƙarfin garin. In an rubuta kashi 20 cikin ɗari, kowane giram yana da miligiram 200, wato giram 24 ke nan a rana. Da a ce garin mai kashi 50 ne, giram 9.6 ya isa. Cokali ɗaya na wannan ba cokali ɗaya na wancan ba ne, ƙaramin sikelin dijital na kicin ya fi kowane cokali.

Sannan ka san ruwan da suke sha da gaske. Cika mazubai da awo da safe, ka auna ragowar washegari. A ce lita 45 ne. Raba maganin biyu, giram 12 a ruwan safe, giram 12 a na yamma, domin irin su amoksisilin suna lalacewa in sun wuce awa 12 a ruwa. Kada a bar wani ruwa dabam a akurkin. Rubutun "giram kaza a lita kaza" da ke jikin leda an yi shi ne bisa shan ruwan ƙasashe masu sanyi. A zafin Fabrairu da Maris kaza tana iya ninka shanta, ta kwashi magani fiye da kima, abin da ke da haɗari musamman da dangin salfa, masu lalata ƙoda su sa zubar jini. Wadda ciwo ya kwantar kuwa ba ta zuwa wurin ruwa ma, sai an ware ta an ɗiga mata a gefen baki da sirinji marar allura.

A cika kwanakin da aka rubuta, yawanci 3 zuwa 5, ko da sun miƙe a rana ta biyu. In an kwana uku mutuwa ba ta ragu ba, ko dai ba cutar ba ce ko ƙwayar ba ta jin maganin, ƙara yawansa ba zai gyara ba.

Wasu haɗe-haɗen suna kashe aikin magani, wasu suna kashe kazar. Tetirasaikilin yana manne wa sinadarin kalsiyam da ƙarfe, don haka madara, ruwan rijiya mai gartsi da bokitin ƙarfe mai tsatsa duk suna rage masa ƙarfi, a yi amfani da roba. Tiyamulin kuwa in ya haɗu da monensin, salinomaisin ko narasin, magungunan koksidiyosis da kamfanoni ke sakawa a abincin kajin nama, yana shanye ƙafafu har ya kashe. Karanta takardar buhun abinci kafin ka saya. Kuloramfenikol da furazolidon an haramta su ga dabbobin ci a Turai da Amurka da ƙasashe da dama, na farkon saboda yana iya kashe ɓargon mutum. Kolistin kuma shi ne abin da asibiti ke komawa gare shi in sauran sun gaza, bai kamata a ƙarar da shi a akurki ba. Gana ta ƙaddamar da manufarta ta yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani a 2018, dabbobi suna ciki.

Kowane magani yana da kwanakin jira kafin yanka ko cin ƙwai, ana ƙirga su daga ranar shan ƙarshe. Kwanduwa tana ɗaukar kusan kwana 10 tana haɗuwa a cikin kaza, shi ya sa magani ke daɗewa a ƙwai, dafuwa kuma ba ta ba da tabbacin kawar da shi. Doksisaikilin da enrofuloksasin da dangin salfa, a Turai ba a yarda a ba kajin da ake cin ƙwansu ba sam. Al'adar nan ta "kawo wuƙa kafin ta mutu" tana tsare hukuncin yanka, amma ba ta fitar da salmonela ko magani daga nama.

Ruwa da shimfiɗa

Yawancin waɗannan cututtuka ta mazubin ruwa da ƙasan akurki suke shigowa. Sa yatsa cikin mazubi, in ka ji santsi, gidan bakteriya ne, a goge shi da soso da sabulu kullum. Ruwan rijiya a unguwa mai cunkoso, kusa da masai da kwata, sai an sa masa bilic: mililita 1 na bilic marar turare mai ƙarfin kashi 3.5 zuwa 5 cikin lita 10. Galan ɗin Kufuor, wato jarkar ruwan nan rawaya, mai lita 25 zai ci mililita 2.5, a auna da sirinji, a jira minti 30. Duba jikin galan ɗin, wasu lita 20 ne. Ruwa mai laka a bar shi ya kwanta tukuna. A dakatar da bilic kwana 2 kafin rigakafin da ake bayarwa a ruwa, domin yana kashe shi, kada kuma a haɗa shi da magani.

Don shimfiɗa, sassaƙen katako na injin gogewa, irin da ake samu a kasuwar katako ta Sokoban a Kumasi, ya fi garin zarto, wanda ke tashi ƙura 'yan tsaki kuma su ci. Kauri santimita 5 zuwa 10. Damƙi cikin hannu ka matse: in ya dunƙule ya zauna ya jiƙe da yawa, in ya watse a hankali daidai ne. A damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba, ƙarƙashin mazubai ne ke fara yin caɓi, a kwashe wurin a zuba sabo. Tsuguna ka kai fuskarka daidai kan kaza. In zarnin kashi ya sa idonka yaji, ya riga ya ƙone gashin maƙogwaronsu mai share ƙura, ikolai ta samu ƙofa. Da hunturu mutane kan toshe akurki don sanyi, su tara zarni da ƙura wuri guda. Kajin nama kada su wuce 8 zuwa 10 a murabba'in mita.

In an kwashe garke, a fitar da shimfiɗa duka, a share busasshe har yanar gizo-gizo, a wanke da omo, a bari ya bushe, sannan a fesa maganin kashe ƙwayoyi. Fesa shi a kan kashi zubar da kuɗi ne. A bar ɗakin fayau aƙalla kwana 14.

Aladun maƙwabta

Mutanen zango ba su cika kiwon alade ba, amma wanda ya kai kajinsa gona a bayan gari, wajen Ejisu ko Atwima, yakan tarar da su a maƙwabta, wani ma'aikacin ma gonakin biyu yake yi wa aiki. Akwai cutar jan tabo, mai fito wa alade da tabo masu kusurwa huɗu a fata da zazzaɓi. Tana kama talo-talo ta kashe, tana shiga yankan hannun mahauci ta kumbura yatsa. Fenisilin yana saukar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu. In fatar ta yi ja, allura ba ta yi komai ba, aladu suna ta zubewa, a yi zargin zazzaɓin aladu na Afirka, bairos da ya shigo Gana a 1999, a kai rahoto. 'Ya'yan alade da aka yaye in suna faɗuwa gefe suna harba ƙafa kamar masu tuƙa keke, sanƙarau ne na sitireftokokas, yana kama mutum ya bar shi da kurumta. Takalmi da shebur da baro na can kada su shigo wurin kaji.

Kyanwa da kare

Kyanwar da ke kama maka ɓera a rumbun abinci tana da amfani, amma ba a cikin akurki ba, saboda fasturelar bakinta. In ta yi faɗa, bayan kwana 2 zuwa 4 sai ƙurji mai zafi ya taso a kumatu ko gindin wutsiya. Sai an fasa an wanke shi da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa, kafin magani ya yi aiki. Kada a taɓa ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin wanke ƙasa mai komawa fari kamar madara in an zuba ruwa shi ma guba ne gare ta. Enrofuloksasin in ya wuce miligiram 5 ga kilo a rana yana makantar da ita, ƙwayar doksisaikilin kuma a bi ta da ruwa kamar mililita 5, in ta maƙale tana ƙone maƙoshi.

Karen gadi mai kaska, in ya rame, dasashi ya koɗe, yana haɓo, ana zargin cutar kaska ta arlikiya. Maganinta doksisaikilin miligiram 10 ga kilo kullum har kwana 28, masu tsayawa a mako ɗaya su ne ke dawowa da shi. Bayan ambaliya irin wadda Aboabo ta saba gani, kare mai amai da shawara a ido yana iya zama ya kwashi leftosifira daga fitsarin ɓera. Tana kama mutum, a sa safar hannu wajen wanke fitsarinsa, akwai kuma rigakafinta na shekara-shekara. Karyar da ta yi wata ɗaya ko biyu da gama neman namiji, ta kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ciki ya kumbura, ko mugunya tana fita ta baya, mahaifa ce ta cika da mugunya, aikin tiyata ne na ranar.

Cizon kyanwa a hannun mutum ƙaramin rami ne mai zurfi, yakan kumbura cikin awa 24. A wanke da sabulu ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar, a gaya musu ko an yi wa dabbar rigakafin haukan kare da kuma yaushe.